Mun ɗauka shi ke jan majalisa, ashe majalisar ce ke jan shi

Na daɗe ina son rubuta labarin ƙanina da ciwon bifola, wani ciwon ƙwaƙwalwa da ya same shi, amma sai da na nemi izininshi tukun, yace Yaya ki rubuta amma kar ki sa sunana, toh ba zan sa ba. Mu 'yan Garwa ne ta ƙasar Kamaru, nan unguwar Yelwa aka haife mu, shi gyaran waya yake a kasuwa, kuma duk wanda ya sanshi kafin 2022 zai ce maka yaro ne mai kunya, in an zauna majalisa shi ne mai hura gawayi da zuba shayi, ba shi ne mai baki ba.

Watan Janairun 2022 da aka kawo wasannin kofin Afrika filin Rumde Ajiya garin nan bai yi barci ba, 'yan Najeriya sun cika ko'ina tunda nan ƙungiyarsu ta buga wasanninta, ga kiɗa ga hon ɗin moto har asuba. Shima bai yi barci ba. Bambancin kawai, da aka watse kowa ya koma ya rama barcinshi, shi bai rama ba. Awa 2 ko 3 sai ya miƙe garau babu gajiya ko kaɗan, magana kamar an kunna rediyo, bai gama wannan zancen ba ya faɗa wancan, yau zai buɗe shago a Marwa gobe zai riƙa sayo waya daga Dubai. Wallahi da farko daɗi muka ji, Inna har cewa take Alhamdulillahi autana ya waye.

'Yan majalisarsu ma daɗi suka ji, sunfi mu ma. Suka sa mishi suna Firezidan. Yana isowa za a miƙe ana ihu ana mishi kirari, shi kuma sai ya biya kuɗin shayi da nama na kowa, gobe a ƙara kirari ya ƙara biya. Rannan na tsaya bakin ƙofa da daddare ina kallonsu, wani yace Firezidan ai kai ba sa'an gyaran waya bane, sai naga fuskarshi ta canza a take, idonshi na ƙyalli, ya miƙe tsaye ya fara lissafin miliyoyin da zai samu kafin sallah. Duk wanda ya gansu zai rantse shi ke jan su. Ni da na sanshi tun yana goye na ga ba haka bane, duk inda suka jefa magana nan yake bi da gudu, ko tsayawa auna ta ba ya yi. Ingiza mai kantu ruwa kenan, kuma wasunsu ba da mugunta suke yi ba, nishaɗi kawai suke ji.

A cikin wannan halin aka sa shi a wani gurup na WhatsApp, irin na zuba 50,000 ka kwashi 100,000 bayan sati 2. Kullum ana turo hoton saƙon kuɗi ya shigo, ana tafi, ana cewa matsoraci ba ya zama gwani. Ya zuba na shagon, ya sayar da motonshi ya zuba, sannan ya bi mutane gida gida yana shigar da su, kuma sun yarda dashi don a lokacin bakinshi zai iya sayar maka da ruwan Binuwai kana tsaye a bakin kogin. Nace mishi don Allah ka dakata ko kwana 2 ne, ya kalle ni yace Yaya ke baƙin ciki kike min. Bai taɓa faɗa min irin wannan ba tunda aka haife shi.

Wannan wurin ne nake so mutane su gane, don ni sai daga baya na gane shi. Ba wai ciwon yana mayar da mutum raƙumi da akala kowa ya ja ba. In abun ya hau sama, kunnen yana buɗewa ne ga duk mai cewa ƙara wuta, ya toshe ga mai cewa taka burki. Mutum 20 masu zuga yana jinsu tar, mu 'yan gida da ke cewa a hankali mun zama maƙiya.

Gurup ɗin ya rufe dare ɗaya. Ba a jima ba shima ya rufe. Wata 3 yana ɗaki, ba wanka ba kasuwa, abinci sai Inna ta zauna a gabanshi. Masu kirarin jiya wasu sun ɓace, wasu sun dawo bakin ƙofa neman kuɗinsu. Sai ga jan ya juya ta ɗaya gefen: yanzu duk mummunar maganar da aka faɗa a kanshi sai yace gaskiya ne. Wani yace ka cuce mu da gangan, yace eh na cuce ku. Har bashin da bai ci ba ya amsa, wani ya zo yace yana binshi 80,000 ya yarda nan take, sai da na binciki wayarshi na ga ko sisi bai taɓa shiga tsakaninsu ba.

Mu ma dangi muka yi tamu majalisar, kuma wannan shine abun da yafi ci min rai. Aka taru a tsakar gida, Kawu yace sammu ne, wata tace iska ce ya gamu da ita bakin kogi, kowa ya gyaɗa kai, nima na gyaɗa alhali zuciyata ba ta kwanta ba. Aka kai shi wani ƙauye wajen mai magani, aka yi hayaƙi aka karɓi akuya, ana tambayarshi kana ganin wata mace a mafarki yana cewa eh, da an tambaye shi ko yana ganin giwa ma eh zai ce. Goggonmu ce kaɗai, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya, tace ni dai ban hana addu'a ba amma yaron nan likita yake buƙata, kuma kun manta kakanshi na wajen uba haka yake yi, shekara ɗaya rabon dukiya shekara ɗaya kulle kai. Tana faɗa sai naji bakina ya buɗe nace nima haka na gani.

Daga baya na karanta wani gwaji da Solomon Asch ya yi a Amurka a 1951, ana nuna wa mutane layuka a takarda ace wanne ne tsawonsu ɗaya, amsar a fili take, amma sauran na ɗakin an haɗa baki dasu su faɗi ƙarya. Kusan mutum 3 cikin 4 sun bi taron aƙalla sau ɗaya, kuma lafiyarsu ƙalau. In kuma aka samu mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi daidai, bin taron sai ya ragu sosai. Ina karantawa Goggo ce ta faɗo min a rai.

Likitan ya saurare mu kusan awa ɗaya, ya tambayi barci ya tambayi kuɗi ya tambayi dangi, yace sunan ciwon bifola, yanayin mutum ne ke hawa can sama na sati ko fiye sannan ya faɗo ƙasa, yawanci yana fara bayyana ne a ƙuruciya kuma yana bin jini. Ba mu kaɗai bane, Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2019 kusan mutum miliyan 40 ne ke da shi. Yace rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi, haka ƙwayoyi irin tramol da ya yi wa samarinmu katutu. Ya ɗora shi kan litiyom, tsohon magani ne tun 1949 wani likita John Cade a Ostireliya ya nuna amfaninshi, amma sai ana auna jini lokaci lokaci ana duba ƙoda, kuma ya ja mana kunne sosai kan shan ruwa, don in jiki ya bushe maganin yana taruwa a jini ya zama guba, ga wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san wannan ba ƙaramar magana bace. Ko azumi sai da muka koma muka tambaye shi.

Ya samu sauƙi ya koma kasuwa. Bayan wata 7 majalisa ta sake yin aikinta, wai Firezidan kai da lafiyarka me ya haɗa ka da maganin mahaukata, ai tunda ka fara sha ka zama sanyi. Ya daina sha bai faɗa wa kowa ba. Sati kaɗan barci ya sake ɗaukewa, na ji shi ƙarfe 3 na dare yana waya yana cinikin fili a Pitowa. Wannan karon mun gane da wuri, kuma shi da kanshi da ya dawo daidai yace Yaya ni kewar wancan mutumin nake, wanda in ya shigo kowa ke miƙewa. Na rasa me zan ce mishi, kuka kawai na yi.

Ba mu raba shi da abokanshi ba, mun gwada, kaɗaici ya fi yi mishi illa. Abun da muka yi, na kira ɗaya daga cikinsu, abokinshi tun suna lise, wato sakandare, na zaunar dashi na faɗa mishi komai ban ɓoye ba. Ƙanin nawa kuma ya kafa wa kanshi doka, duk abun da ya wuce 20,000 sai ya kwana 2 kuma sai na sani, sannan yana rubuta awowin barcinshi a bayan littafin shago, in suka gaza 5 kwana 2 a jere mu kira likita.

Jiya ma ina zaune a zaure ina jiyo su, hira ta yi daɗi ana ta dariya, wani ya fara cewa a ɗora shayi na uku. Ƙarfe 10 na bugawa naji muryar abokin nan yace ni barci nake ji, tashi ka raka ni. Naji an ce haba dai tun yanzu, sannan naji ƙarar takalman ƙanin nawa yana shigowa gida.