Abin da aikin raba ɗakuna ya koyar game da ƙara da dirkokin bango

A Aboabo da Asawase da Sabon Zongon Kumasi, idan mai gida zai raba babban ɗaki gida biyu don ƙarin ɗan haya, ko za a yanka ofis a bene, aikin kusan iri ɗaya ne. Kafinta ya sayo tu-bai-fo, wato katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu, daga kasuwar katako ta Sokoban, ya tsayar da dirkoki layi ɗaya, ya buga filawud ta nan, ya buga ta can. Bango ya tsaya, amma tarin maƙwabci ma ana jinsa. Abin da ake fara yi shi ne cusa soso ko kwalin ƙwai a ciki, kuma kuɗin nan asara ne, domin ƙarar ba ta cikin iskar tsakiya kaɗai take bi ba. Ta jikin dirkar take wucewa.

Bangon da aka buga wa allo fuska biyu a kan dirka ɗaya kamar ganga yake: ka taɓa fata ɗaya, ɗayar ta amsa. Magana tana girgiza allon wannan ɗaki, sukuru ya miƙa girgizar ga katako, katako ya miƙa ta ga allon ɗaya ɗakin. A ma'aunin STC, wanda yawan lambarsa ke nuna ƙarfin tare ƙara, irin wannan bango da allon jifsam na milimita 12.5 a kowace fuska yana tsayawa wajen 33 zuwa 35. A nan ana gane kalmomin mai ɗaga murya. Cika cikinsa da audugar dutse, wato abin cusawa mai kama da auduga da ake sarrafawa daga dutse, ba ya ƙara masa fiye da maki uku ko huɗu, tunda gadar katakon tana nan. Sai an kai wajen 50 kafin hirar maƙwabci ta daina damun mutum.

Gyara mafi arha shi ne rage yawan gadojin. Tazarar dirkoki ta zama milimita 600 maimakon 400. Allon mai faɗin 1200 ya dace da ita daidai. Dirkar ƙarfe siririya, mai kaurin kamar rabin milimita, ta fi katako a wannan fanni saboda tana lanƙwasa kaɗan ta shanye girgiza, ga shi gara ba ta cinta. Katakon itacen da ake kira wawa, idan bai bushe ba kuwa, murɗewa yake yi idan hunturu ya shigo, ya buɗe tsaga a mahaɗar alluna.

Mataki na gaba shi ne dirkokin da ake saɓa wa juna. Katakon ƙasa da na sama su zama tu-bai-siks, wato faɗin milimita 150, dirkokin kuma tu-bai-fo. Ta farko ta manne da gefen hagu, ta biyu da gefen dama, haka har ƙarshe, dirka ɗaya a kowane milimita 300, ta yadda kowace fuska tana da nata layi mai tazarar 600. Babu dirkar da ke taɓa alluna biyu. Sai a saƙa audugar tana zagaye bayan kowace dirka. Wannan yakan kai bango wajen 45 zuwa 50. Rauninsa shi ne katakon sama da na ƙasa har yanzu na tarayya ne, ƙara tana ɗan bi ta nan.

Wanda ya fi duka shi ne firam biyu, wato jerin dirkoki biyu, da ba su haɗu da juna ko'ina ba, kowanne da katakonsa na sama da na ƙasa, da rata ta aƙalla milimita 25 a tsakani. Da auduga a ciki, da allo biyu-biyu a waje, ana haura 55. Abin da yake ci shi ne fili: kaurin bangon ya tashi daga wajen milimita 125 zuwa 250 ko fiye, wato a bango mai tsawon mita huɗu an rasa rabin murabba'in mita. A ɗakin haya na Zongo wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa tu-bai-tiri ko dirkar ƙarfe ta milimita 50 ta fi dacewa a irin wannan wuri. Ga ɗakin kwana da ke jikin shagon masu gwada sifika, ko ɗakin ɗaukar murya, babu wata hanya da ta kai ta, domin zurfin ramin tsakiya ne ke rage ƙarar nan mai kauri da ke bugun ƙirji.

A nan ne kafintoci masu kyakkyawar niyya ke ɓata aiki. Wani ya ga firam biyu tsaye babu abin da ya haɗa su, hankalinsa bai kwanta ba, sai ya buga guntun katako tsakaninsu wai don ƙarfi. Guntu biyu ko uku sun isa su mayar da gadar da aka kashe kuɗi aka cire. Wani kuma ya sa ƙarin allo a tsakiyar ratar yana ganin ya ƙara katanga. A gaskiya ya raba babban rami ne zuwa ƙanana biyu, kuma ƙaramin rami ya fi saurin amsa ƙara mai kauri. Allon nan da an ɗora shi a waje, a kan ɗan'uwansa, mahaɗarsu a saɓe, da ya yi amfani. Haka auduga: a cika ramin amma kada a danne ta har ta yi tauri tana tokare fuskokin biyu.

Nauyi ma yana da nasa rabo. Ninka nauyin bango yana rage wajen desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) biyar zuwa shida, kunne kuwa sai an rage goma yake jin ƙara ta ragu da rabi. Filawud na milimita 6 bai wuce kilo uku zuwa huɗu a murabba'in mita ba, jifsam na 12.5 ya ninka shi. Gaskiyar magana, idan ƙasa ake kuma wurin zai ɗauki nauyi, bulo mai inci shida da filasta fuska biyu ya fi sauƙin samun magini da ya iya shi a Kumasi. Firam yana da amfani ne a bene, da gidan haya, da inda aka riga aka shimfiɗa tayil. Idan kuma bangon bulo ne ke zubar da ƙara, a tsayar masa da firam a gabansa, nesa da shi da milimita 25, kada ya taɓa shi.

Duk wannan lissafi yana rushewa idan bangon ya tsaya a ƙarƙashin silin. Ƙara ta hau ta silin na roba ko filawud, ta ratsa ƙarƙashin kwano, ta sauka a ɗaya ɗakin. Dole firam da allonsa su wuce silin har su kai kankaren da aka zuba a sama ko jikin rufi. A bar rata ta milimita 5 tsakanin allo da ƙasa da gefuna, a cike ta da gam mai laushi da ba ya ƙanƙarewa ya tsage. Hakan kuma yana hana allon shan ruwan goge ɗaki. Soket biyu kada su juya wa juna baya, a raba su da aƙalla milimita 600, a toshe bayansu. Mai wayarin da mai famfo su gama nasu kafin a rufe fuska ta biyu, a kuma duba kada bututu ko ƙarfen soket ya haɗa firam ɗin biyu. Kafin fenti, a kunna rediyo da ƙarfi a ɗaki ɗaya, a bi gefunan bangon ta ɗaya ɗakin da kunne, daga ƙasa zuwa silin, har da ƙarƙashin ƙofa da tagar luba idan ɗakunan suna kallon baranda ɗaya.