Kuɗi na juyawa a kara, saniya kuma tana tsaye a rana

Jama'a wai ni kaɗai abin nan yake damu ne? Duk wanda ya saba shiga kara, wato kasuwar dabbobi, ya san kuɗin da ke juyawa a wurin ba na wasa ba ne. Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil, ga Potiskum da ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Amma yawancin kasuwannin dabbobinmu in ka duba wurin kansa fili ne kawai aka zagaye da katanga, wani wurin ma katangar ta zube tuntuni, sai turaku da igiya, shi ke nan.

Bafulatani ya koro shanunsa daga nesa, wasu tun daga Nijar, ga bunaji farare tas, ga rahaji masu dogon ƙaho, ga bokolo, a zo a jera su a buɗaɗɗen fili tun safe, kafin azahar ka ga sa yana haki dalala na zuba, dillali kuwa ko a jikinsa yana ta dukan gadon bayansa yana cewa albarka, ruwan da za a ba shi ma sai an saya jarka-jarka wajen mai kura. Da damina kuma ba a magana, caɓi da kashin shanu sun haɗu, in ka shiga da silifas to ka yi bankwana da shi.

Wajen lodi ne ya fi ɗaga min hankali wallahi. Tirela ta ja da baya ta jingina da wani tudun ƙasa, 'yan lodi su taru, wannan ya riƙe ƙaho wancan ya murɗe wutsiya, ana ihu ana duka har dabbar ta faɗa ciki, a ɗaure ta, sannan a kama hanyar Legas ko Fatakwal. In tsautsayi ya sa ƙafa ta zame ta karye to mahauta ne za su sayi dabbar yadda suka ga dama, mai ita kuwa sai dai ya ce Allah Ya mayar da alheri. Kuma fa kowane kai sai an yanka masa rasit, ban da la'ada. Kuɗin rasit ɗin nan ina suke tafiya?

Abin mamaki mutumin da ya turke rago ɗaya a gida don Babbar Sallah sai ya kafa masa rumfa, ga dusa ga harawa, har wanka ake masa da omo. To me ya hana a yi wa kara?

A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo, madalla. Ni dai ba wani gini na ƙawa nake nema ba. Rumfunan kwano masu tsayi da iska za ta ratsa, burtsatse da kwamin siminti, magudanar ruwa, wajen lodi na kankare mai kaushi wanda kofato ba zai zame ba. Sai ɗan shinge a gefe inda likitan dabbobi zai ware wadda take tari, don ciwon huhu a irin cunkoson nan yake yaɗuwa, ka sayi saniya ɗaya ka je ka zuba wa garkenka gaba ɗaya.

Kuma don Allah in za a gina a zauna da Sarkin Kara da dillalai da 'yan lodi tukuna, su suka san ta inda shanu ke shigowa da inda mota ke iya juyawa, kar ɗan kwangila ya zana a ofis.