Daga Filin Zari-Ruga Zuwa Ajin Ilimin Motsa Jiki

Na yi ƙuruciyata ina buga zari-ruga a Kano, cikin 'yan gaba takwas da ke haɗa kafaɗa su ture takwarorinsu domin ƙwace ƙwallo. Filinmu babu ciyawa, idan hunturu ya shigo ƙasa takan bushe ta yi tauri, duk wanda aka kayar sai ya tashi da ƙujewa a gwiwa. A wancan zamani, idan ɗan wasa ya bugu a ka ya miƙe yana layi, ruwa ake kwara masa a ce ya koma, mu kuwa muna yaba masa da jarumta.

Sai da na shiga jami'a na karanci ilimin motsa jiki, har na zama malami a fannin, sannan na gane cewa iya wasa daban, iya koyar da shi daban. Jikina ya san yadda ake tare mai gudu, amma bakina bai iya bayyana dalilin da ya sa ake lanƙwasa gwiwa, a miƙe gadon baya, a kai kafaɗa cinya, a ajiye kai a bayan ƙugun abokin karawa ba.

Darasin da ya fi taɓa ni shi ne na girgizar ƙwaƙwalwa, wato raunin da bugu a ka ke jawo wa ƙwaƙwalwa. Ba sai mutum ya suma ba. Jiri, ciwon kai ko mance abin da ya faru sun isa alama, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kisa, musamman ga yara. Hukumar zari-ruga ta duniya ta sauya tsarin haɗa kafaɗa a 2013 bayan binciken Jami'ar Bath ta Ingila ya nuna zai rage ƙarfin karo da kusan kashi 25 cikin ɗari, a 2023 kuma ta shawarci ƙasashe su gwada hana tarewa daga ƙirji zuwa sama a wasannin da ba na ƙwararru ba.

Ɗalibaina yawancinsu makarantun da babu likita za su je koyarwa, shi ya sa nake fara su da wasan taɓawa kafin na kayarwa. Ba na kuma ba kowa makin aikin fili sai ya nuna mini yadda zai fitar da yaron da ya bugu a ka, ko da shi ne gwanin ƙungiya, ko da mahaifinsa yana bakin fili yana cewa, "Malam, ka bar shi, lafiyarsa ƙalau."