Goge, Lissafi da Takardar da Ummi Ta Kawo Gida

Ranar wata Talata cikin Fabrairun 2025 Ummi ta dawo daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba ta miƙo mini wata takarda ruwan ɗorawa. "Mama, ki sa hannu, Juma'ar sama za a mayar." Ina tsakiyar tuƙin tuwo, na ce ta ɗora a kan firji. A zatona irin takardun nan ne da ba sa ƙarewa, na izinin fita da yara ko na rigakafi. Sai bayan isha'i na zauna na duba, ashe darussan da za ta yi a aji shida ake so mu zaɓa.

Shekara tara na yi ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Kano kafin mu biyo Abban Ummi nan Houston, jihar Texas, a ƙarshen 2022. Ban taɓa ganin an tambayi uwa abin da za a koya wa 'yarta mai shekara 11 ba. A can yaro ya shiga JSS1 ya tarar da jadawali manne a bango, abin da kowa zai yi shi zai yi. Sai an kai SS1 ake rabawa, wannan ajin sayans, wancan na kasuwanci, kuma sakamako ne ke yin rabon, da ɗan roƙon iyaye. A gundumarmu ta nan, firamare a aji biyar take ƙarewa, shida zuwa takwas makarantar tsakiya ce, kuma tun kafin yaro ya taka ƙofarta ake so a san inda ya dosa.

Takardar kashi biyu ce. A sama akwai darussan dole guda huɗu: Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, kowanne da akwati biyu a gabansa, na kowa da kowa da kuma na gaba. A ƙasa kuma dogon jeri ne na darussan ganin dama, aka ce a rubuta zaɓi na ɗaya, na biyu da na uku. Akwatunan sama an riga an yi musu ɗan alama da fensir, shawarar malamarsu ke nan, duk a kan na kowa da kowa. Na bi su da biro cikin minti ɗaya. Malama ta faɗa, ni wace ce? Haka aka rene mu, haka ni ma na so iyayen ɗalibaina su yi mini.

Ƙasan takardar ne ya hana gidanmu sakat har kwana goma.

Dokar Texas ta ce kowane yaro sai ya yi aƙalla darasi ɗaya na fasaha tsakanin aji shida da takwas. Abin da ke jerin kuwa shi ne ƙungiyar masu busa da ganguna, ƙungiyar masu tsirkiya, waƙa, wasan kwaikwayo, sai zane. Ummi ta riga ta gama nata lissafin tun a motar makaranta: masu tsirkiya take so, ita da ƙawarta. An kai su babban zaure, an bar kowa ya taɓa kayan, ta ɗora wani abu a kafaɗa ta ja, ya yi ƙara, shi ke nan zuciyarta ta tafi. Ta nuna wa Abbanta hoton a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai goge ne."

"Abba, ba goge ba ne, tsirkiyarsa huɗu."

"Ko goma ce. Da izgar doki ake ja ko?"

Ta yi shiru, don kuwa da ita ake ja. Har ƙaron da ake goga wa izgar akwai shi a cikin akwatin. Ummi tana shekara takwas ta bar Kano, ba ta san abin da kalmar goge ke tayarwa a kunnen Bakano ba. Ita katako mai sheƙi ta gani da yara sanye da baƙaƙen kaya a jere. Shi kuwa dandalin bori ya gani, da gidajen da ba a ambata a gaban yara. Ya ce bai tsallako teku don a mayar masa da 'ya mai goge ba, kuma me zai faɗa wa Hajiya idan labari ya kai gida? Sunan Hajiyar ne da Ummi, shi ya sa ma muke ɓoye shi.

Na yi ƙoƙarin shiga tsakani. Na ce to ai zanen ma akwai maganar malamai a kan zana mai rai, wasan kwaikwayo kuma cakuɗa ce da maza, duk ƙofar da muka bi akwai ƙaiƙayi. Ya ce a cikin ƙaiƙayin ma akwai na dama-dama. Ummi ta kawo hujjar da ta fi ƙarfi, cewa a aji shida ake ɗaukar 'yan koyo, wanda ya bari ya wuce da wuya ya shiga daga baya, kuma hayar abin dala 25 ce kawai a wata. Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci dare ɗaya. A ƙarshe zane aka rubuta. Ni har yau ban tsaya a wuri ɗaya ba kan wannan magana. Na fahimci mijina sarai, amma na ga fuskar yarinyar lokacin da take rubuta zaɓin da ba nata ba da hannunta.

Da a ce tana da gurbi biyu, da wataƙila an sami abin lallashi. Gurbi ɗaya gare ta, kuma dalilin ya samo asali tun ranar rajista. Akwai fom da ake tambayar harshen da ake yi a gida, muka rubuta Hausa. Daga nan aka yi mata gwaji, aka sa ta cikin masu koyon Turanci, yarinyar da tun nazare da Turanci ake koyar da ita. Kowace shekara sai ta zauna wata jarrabawa da ake kira TELPAS, ta ji da magana da karatu da rubutu, kuma a makarantar da za ta shiga, darasin ƙarin Turanci yana cinye ɗaya daga cikin darussa bakwai na yini. Wasu 'yan ƙasarmu sun ce da mun sani mu rubuta Turanci kawai. Ni dai ban iya kallon takarda in ce ba Hausa muke yi a gidana ba.

Motsa jiki dole ne, wannan bai ba mu wahala ba. Na rubuta 'yar wasiƙa cewa za ta sa dogon wando da hijabinta, aka amsa ba musu.

Saura kwana biyu a mayar da takardar muka je suna gidan wasu mutanen Nijar. A can na haɗu da wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, wadda ta fi shekara 20 a garin nan, 'ya'yanta uku duk sun gama jami'a. Ina ba ta labarin goge, ina jiran ta yi dariya ko ta yi salati. Ko a jikinta. Da Hausarta ta zango, mai ce wa mace "kai", ta tambaye ni, "Maman Ummi, lissafi fa, wanne ka zaɓa mishi?" Na ce wanda malama ta ce. Ta ajiye cokali.

A bayan faranti na takarda ta zana mini tsani. Yaron da ya ɗauki lissafi na gaba a aji shida, ana dunƙule masa karatun shekara uku a cikin biyu, sai ya yi aljabara a aji takwas, kuma makin yana shiga cikin na babbar sakandare. Daga nan yana da sararin da zai kai kalkulas, wato lissafi mai zurfi, a aji 12. Wanda ya ɗauki na kowa da kowa sai aji tara zai fara aljabara, ya gama sakandare bai kai can ba, sai dai in ya sadaukar da hutunsa. "In likita ko injiniya kana so, nan ne hanya ya rabu," in ji ta. "Ba wanda zai kira ka ya gaya maka. Su suna ɗauka ka sani."

Kunya ta rufe ni. Ni da na yi shekaru ina yi wa iyaye faɗa kan rashin duba littattafan 'ya'yansu, ga shi rabon sayans da kasuwancin da na sani a SS1 an dawo da shi aji shida, an ɓoye shi a cikin ɗan akwatin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, na bi shi da biro ban karanta ba. Kwana goma muna shari'ar izgar doki.

Da muka koma gida na tambayi Ummi dalilin alamar fensirin. Ta ce malama ta ce mai sauƙin zai fi mata, saboda tambayoyin lissafin nan dogayen labarai ne da Turanci. Na ɗauko takardun sakamakonta na zangon da ya wuce, lissafi ne ma darasin da ta fi ci.

Washegari na tura imel ga mai ba da shawara ta makarantar. Farkon zuwanmu da na ji sunan muƙaminta da Turanci, "counselor", na ɗauka kansila ce irin ta mazaɓa. Ta ba ni lokaci da safe. Na sha shiri, na tanadi hujjoji kamar mai zuwa kotu, na ma yi addu'a a mota. Matar ta saurare ni da murmushi, ta juya kwamfuta, ta danna sau biyu, ta ce an canza. Ta ƙara da cewa akwai dokar da majalisar jihar ta yi a 2023, duk yaron da ya faɗo cikin kashi 40 cikin ɗari na sama a lissafin aji biyar, za a sa shi a na gaba kai tsaye, sai dai in iyayensa ne suka ce a cire shi. An yi ta ne don yaran da ke da ƙoƙari amma babu mai nema musu. Sai dai jarrabawar jihar da ake auna hakan da ita, STAAR, sai Afrilu, sakamako sai Yuni, kuma iyaye na da damar nema tun kafin nan. Na fito da ragowar hujjojina a baki ban yi amfani da ko ɗaya ba.

A watan azumi Ummi ta zauna TELPAS, bayan salla ta zauna STAAR. Da sakamakon lissafi ya fito, ta haye da rata.

Cikin Agusta ta fara aji shida. Lissafin yana da gudu, ba na musu, akwai daren da muke kai ƙarfe goma a teburin cin abinci ni da ita, kuma na gano hanyar da aka koya mini raba lamba ba ita suke bi ba, sai mu yi ta gardama kafin mu tarar amsarmu ɗaya. A ajin zane an ce kowa ya kawo wani ado daga al'adarsu, ta zana dagi, malamin ya manna shi a bangon baranda. Abbanta ya ɗauki hoton ya tura wa Hajiya. Ƙawar nan tata kuwa kullum da akwatin gogenta take shiga motar makaranta, kuma na lura Ummi ta san sunayen tsirkiyoyin huɗu a jere. Ban tambaye ta inda ta koya ba.

Jiya da daddare ƙaninta, wanda yake aji huɗu, ya ɗago kai daga kwanon tuwo ya ce shi in lokacinsa ya zo ganga zai zaɓa. Abban Ummi ya ce in miƙo masa ruwa.