Tufka da warwara a bakin shaida

A shekarar da na fara aikin tafinta a wata kotu a Jos, kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda lauyoyi suke jifan shaida da ita idan farkon maganarsa ya ƙi haɗuwa da ƙarshenta. Wata rana wani dattijo mai sayar da kayan gwari ya shaida cewa da hantsi yana kasuwar Farin Gada wurin sauke kwandunan tumatir, amma da lauya ya matsa masa da tambayoyi, sai ya ce da hantsin ne ya ga rigimar da idonsa a Terminus, wani wuri daban a cikin garin. Ni kuwa don gaggawa na fassara masa cewa lauya ya ce ƙarya yake yi. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, da furfurata?" Daga nan bai ƙara sakin jiki ba.

Bayan an tashi, wani tsohon magatakarda ya ja ni gefe ya ce, "Malam, lauya bai ce ƙarya ba, tufka da warwara ya ce." Kalmar daga sana'ar igiya ta fito: hannu ɗaya yana murza zare yana haɗawa, ɗayan yana kwancewa, har yini ya ƙare babu igiya. Hukuncinta a kan magana yake, ba ta shiga zuciyar mai maganar, domin mantuwa da ruɗewa da tsoron kotu duk suna iya jawo ta. Ƙarya kuwa sai da niyya.

Na kuma gane cewa saɓani, wanda na saba amfani da shi, ya fi dacewa da mutum biyu da ba su daidaita ba, baki biyu kuma zargi ne na rashin amana. Malaman zaure da suka karanta mantiƙi, wato ilimin auna hujja, suna cewa tanaƙudi, kalmar da aka aro daga Larabci, kuma sun fi mu tsanantawa. A wurinsu magana biyu ba sa warware juna sai sun haɗu a kan abu ɗaya, a lokaci ɗaya, ta fuska ɗaya, sharaɗin da ya samo asali tun daga Aristotle, masanin falsafar Girka na dā. Suna ma bambanta tanaƙudi da kishiyantaka, domin fari da baƙi ba sa haɗuwa a riga ɗaya ta fuska ɗaya, amma rigar tana iya zama ja, alhali tsakanin "yana nan" da "ba ya nan" dole ɗaya ya tabbata.

Sharaɗin lokacin nan ne ya wanke dattijon a zama na gaba. Hantsin Bahaushe yana da faɗi, daga ɗagawar rana har kusan tsakiyarta, lauya kuwa ƙarfe nawa yake nema. Da aka tambaye shi dalla-dalla, ashe ya gama sauke kayansa ne, ya hau mota zuwa Terminus, duk kafin rana ta take.