Abin da ajin tarihi a Zariya ya koya mini game da addinin ɗalibai

Ɗalibi ba ya auna adalcin malami da jawabin zaman lafiya da ake yi masa a farkon zango. Yana auna shi ne ranar da aka kafe sakamako, da kuma ranar da aka zaɓa don yin gwaji. Malamin da ya sa gwaji ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya da rabi, ko ya ce a zo lakcar cike gurbi ranar Lahadi da safe, ya riga ya faɗa wa rabin ajin matsayinsu a wurinsa, ko da bai nufi haka ba. Shi ya sa kafin in tsayar da lokaci nakan kira wakilin aji in ce ya tambayo kowa.

Wajen maki kuwa, lambar rajista nake dubawa. Ina naɗe saman takarda kafin in fara karantawa, don zuciya ba ta da ƙashi. A Zariya ma suna ba ya nuna addini. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, Kirista ne mai Hausa a baki, kuma har yau Wusasa cike take da Hausawa Kiristoci.

Inda aikin ya fi nauyi shi ne darasin jihadin 1804. Ga ɗalibin da ya taso cikin birnin Zazzau, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mujaddadi ne, kuma yana jiran ya ji ko zan taɓa mutuncinsa. A bencin da ke bayansa akwai ɗaliba daga Kudancin Kaduna wadda ta ji labarin harin kamun bayi daga bakin kakanninta, tana jiran ta ji ko zan tsallake shi. Ba na tsallake ko ɗaya. Mukan karanta abin da Shehu ya rubuta kan zaluncin sarakunan zamaninsa, sannan mu karanta abin da ƙauyukan kudu suka adana na tarihin baka. Wata rana wani ya ɗaga hannu, muryarsa na rawa, ya ce, "Malam, to kai wanne ka yarda da shi?" Na ce masa, "Ina da addinina kamar yadda kake da naka, amma a takardar jarrabawa hujjarka zan duba." Ya zauna bai gamsu sosai ba, amma bai daina zuwa aji ba.

Ba na ɗaukar wannan da wasa. Rikicin watan Maris na 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro, tsakanin ɗalibai, cikin 'yan kwanaki ya iso Zariya aka ƙona wuraren ibada. Iyayen yaran da nake koyarwa sun ga wannan da idonsu.

Aikin rukuni ma ba na barin su zaɓi juna, don in an bar su, 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, za su ware gefe, 'yan FCS, ƙungiyar ɗalibai Kiristoci, su ware gefe. Da jerin lambobi nake rabawa. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda addini, amma ɗan aji ɗaya da ke tsoron a kayar da shi ba zai kai malami ƙara ba. Don haka nake ba kowa damar zuwa ofis ya ga takardarsa ta gwaji, mu bi makin tare tambaya bayan tambaya.