Wasiƙa daga Dakar: wa ke riƙe da makullin baitulmali?

Jama'ar Maraɗi, Damagaram, Ƙonni da sauran 'yan'uwa na gida, assalamu alaikum.

Daga Dakar muke rubuto muku, garin da hedikwatar BCEAO take, babban bankin ƙasashe 8 masu kashe sefa. Mun ji ana ta murnar ɗiyaucin ƙasa tun da sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a Disamban 2023. Murnar ta dace. To amma ku sa hannu a aljihu.

Jikar da za ku zaro, a Faransa aka buga ta. Darajarta a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro ɗaya, kuma ba a Yamai ake tsayar da kuɗin ruwan babban banki ba. Shi dai sharaɗin ajiye rabin kuɗin waje a baitulmalin Faransa an soke shi bayan sanarwar da shugabannin Faransa da Côte d'Ivoire suka yi a Abijan a Disamban 2019, masu maimaita shi a Facebook su bari haka nan.

Ranar 30 ga Yulin 2023 ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi saboda juyin mulkin da sojoji suka yi. Washegari aka soke sayar da takardun bashin gwamnati na sefa biliyan 30, aka kulle asusunta a babban banki. Najeriya ta yanke lantarki, kaya suka maƙale a tashar Kwatano. Tuta tana nan, soja yana nan, amma gwamnati ba ta iya taɓa kuɗinta, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024.

Duk da haka Nijar, Mali da Burkina Faso da suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025 ba su saki sefa ba, kuma a ganinmu lissafi ne ya hana su. Mai son kuɗinsa na kansa sai ya tanadi babban banki, da ajiyar kuɗin waje da za ta biya shigo da kayan aƙalla wata 3, da kwangilar buga takardu, da wa'adin canja tsofaffi. Mafi wuya shi ne gwamnati ta danne zuciya, kada ta buga kuɗi don biyan albashi.

A nan Mali ta yi tuntuɓe. Shugabanta na farko, Modibo Keita, ya fito da kuɗin ƙasarsa a 1962, a 1967 aka zaftare rabin darajarsu, a 1984 Mali ta koma sefa ana ba da biyu a karɓi ɗaya. Duk ranar da Nijar ta fito da nata, kafin azahar 'yan canjin Ƙonni da Illela sun yanka masa farashi da naira, ba tare da sun jira sanarwar Yamai ba.